Ɗanyar da Dodanniya Ta Bari

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya ba kowace halitta halinta. Ni ce Gwamma 'yar Nomau, uwar tabarma ta takwas a gidanmu, mutuniyar Birnin Kwaranga, inda gidaje ke manne a jikin dutse kamar ginin zanzaro, inda ba a zuwa gaida maƙwabci sai an hau tsani ko an sauka. Na yi tafiyar wata goma sha ɗaya, na ƙetare kogin da babu ruwa a cikinsa, na zauna a inuwar abin da ake tsorata yara da shi. Ga yadda abin ya kasance, gwargwadon abin da na riƙe.

A garinmu akwai wasan da muke kira wasan tabarma. Bayan la'asar, idan an tashi daga aiki, mutum biyar ko shida sukan zauna kewaye da tabarma, kowa ya zaɓi wanda zai zama a cikin labari: wannan maharbi, wancan falke, waccan ungozoma mai neman wani ganye a bayan duniya. Uwar tabarma ita ce daji, ita ce kogi, ita ce duk wanda za a haɗu da shi a hanya. Za ta ce ga abin da ke gabanku, su kuma su faɗi abin da za su yi. Idan abin mai wuya ne, sai a watsa 'ya'yan tsamiya huɗu da aka kankare wa gefe guda. Yawan farin da ya kalli sama shi ke nuna ko an dace.

Tabarmar gidanmu mata bakwai suka saƙa ta kafin ni, kowacce ta ƙara nata layin kaba da launin da ta zaɓa. Akwai doka guda a kanta, kamar kowace tabarma a garin. Idan 'yan wasa suka riga uwar tabarma faɗin abin da za ta faɗa har sau uku a zama ɗaya, sai a naɗe tabarmar a kai wa Magajiyar tabarmi ta gari, a ba mai ita shekara guda. Ranar da ta dawo za ta kawo halittar da aka kayar da ita a kanta, ba wata ba. Idan aka sake riga ta ko sau ɗaya, a warware tabarmar, a hau kan dutse a ba iska kabar.

A kan dodo aka kayar da ni.

Ran nan ina jan su ta cikin wani kurmi, na sassauta murya na ce sai ga wani abu ya taso daga bayan kuka. Kawu Jatau, ƙanen mahaifiyata, marini ne, hannunsa shuɗi har gwiwa, ya shekara hamsin yana zama a bakin tabarmar nan. Bai ko ɗago daga sakacen da yake yi ba ya ce, "Gashinsa har ƙasa." Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce abin ya ɗaga hanci sama, sai wata mai ƙosai da ke wasa da mu ta kumbura murya ta ce ai yana jin ƙanshin mutum. A nan ya kamata in juya labarin, amma baki ya saba da hanyarsa. Na ce ya buɗe baki, duk suka haɗa murya suka ce sai ya haɗiye.

Dariyar ta mutu a rabi, don kowa ya san an cika uku. Kawu Jatau ya dube ni da tsinke a hannu.

"Gwamma, wallahi bakina ne ya riga ni. Tun kakarki nake jin dodon nan."

Iya Tabawa, Magajiyar tabarmi, ta karɓi naɗin da hannu biyu kamar mai karɓar jariri. Ta ce laifin ba nawa ba ne ni kaɗai, dodo ya tsufa a bakin kowa, yara ma sun daina ɓuya idan an ambace shi, amma doka ba ta san wannan ba. Na tambaye ta ko akwai wanda ya taɓa ganin dodo da idonsa. Ta ce a iya saninta kowa daga bakin wani ya ji. Washegari na ɗaure 'yan komatsaina da 'ya'yan tsamiyata, na sauka tsani ɗari uku da ke kai mutum ƙasa, na nufi gabas, inda fatake suka ce daga can labarin ya fara zuwa.

Wata huɗu ina tafiya kafin in isa Tungar Ƙaho. Garin nan da dodo yake ci yake sha. A kasuwarsa akwai layin masu sassaƙa ƙahon dodo da itace, akwai layin masu tufka gashin dodo da wutsiyar doki, har da mai tuwon da ke malmala shi siffar kan dodo ta sa masa ido da kuɓewa. Kowa ya rantse kakansa ya gani. Na zauna wurin wani dattijo mai rumfar fuskokin ƙwarya, na ba shi zanena mai kyau, shi kuma ya raɗa mini abin da ya kira asirin gidansu: wai dodon gaske idonsa bakwai, gwiwoyinsa baya suke kallo, harshensa biyu, ɗaya na wuta ɗaya na ƙanƙara. Na haddace. Na ce a raina ko Kawu Jatau ba zai riga ni ga gwiwa mai kallon baya ba. Saura kaɗan in juya gida daga nan. Abin da ya hana ni shi ne na ji an ce kwana biyu gaba akwai wani kogi, bayansa kuma babu wanda ke sayar da komai.

Kogin Rairayi ake ce masa. Faɗinsa ya wuce inda ido ke kaiwa, kuma yashi ne zalla ke gudu a cikinsa, fari, mai laushi, da sauti kamar ana shiƙar gero a nesa. Mai fito wata tsohuwa ce da ta jera manyan masakai a gaɓa. Ba ta shiga da kowa. Ta zaunar da ni cikin masaki guda, ta ce yashin nan kunne gare shi: muddin yana jin abin da bai taɓa ji ba zai goya ni har ƙetare, idan ya gundura kuwa sai ya sake ni. Ta tura ni da ƙafa.

Na gyara zama na fara da idanu bakwai. Ban kai na huɗu ba na ji masakin ya yi nauyi. Na hanzarta zuwa gwiwoyi, yashi ya hau har rabinsa. Da na ambaci harshen wuta sai ya fara zubowa ciki, ɗumi-ɗumi, yana rufe mini ƙafafu. A lokacin na gane duk wanda ya biyo ta Tungar Ƙaho da wannan asirin yake zuwa, kogin ya ji shi har ya ƙoshi. Na ƙara ido na takwas daga kaina, na ƙara fukafukai. Yashi ya kai ƙuguna.

Tsoro ya kwance mini baki, na daina tsara magana. Na ji kaina ina kiran mahaifiyata, ina ba yashi labarin yadda take jiƙa kaba a bakinta kafin ta saƙa, tana waƙa ta hanci da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan, da yadda ta sa wa kajinta sunayen dangin mijinta don ta sami damar yi musu tsawa. Ban san me ya kawo waɗannan ba. Sai na ji yashin yana janyewa daga cinyoyina a hankali. Masakin ya taso. Na ci gaba da ba shi ƙananan abubuwan gidanmu, tun hantsi har rana ta karkata, ya ajiye ni a ƙetare da maƙogwaro a bushe. Asirin dattijon kuwa can na bar shi.

Ƙasar da na tarar ba ta yi kama da wurin tsoro ba. Fadama ce shimfiɗaɗɗiya, koriya shar, da tuddai masu doguwar ciyawa a warwatse cikinta. Na yini ina tafiya kafin in lura babu busasshen ganye ko ɗaya a ƙasa, babu ruɓaɓɓen ɗan itace, babu kabari. Daga baya na ga tuddan nan suna ɗagawa suna sauka, a hankali ƙwarai, yadda ƙirjin mai barci ke yi.

A gindin wani ɓaure na sami mutum zaune, matashi a fuska, da riga irin ɗinkin da aka daina tun kafin a haifi kakata. Yana riƙe da ƙoƙon da koko ya bushe a ciki. Sunansa Arzika. Ya amsa sallamata, ya matsa mini wuri, da ya ji abin da ya kawo ni sai ya nuna tuddan da haɓa ya ce ga su nan, ciyawar da nake gani gashinsu ne.

Ya ce shi an haɗiye shi ranar sunan ɗansa na fari, da hantsi. An yanka rago, yana tsaye a ƙofar gida da koko a hannu, yana jin dariyar matarsa ta bayan katanga, sai inuwa ta sauko. Babu zafi, babu duhu. Hantsin nan ne dai ya ci gaba: koko da ɗuminsa, ƙanshin nama na tashi, dariyar na gab da ƙarewa ba ta ƙare ba. Bai san ya daɗe ba sai da dodon ya mutu, don su ma suna mutuwa. Jikinsa ya buɗe kamar furen kabewa, duk abin da ke ciki ya fito: awaki, da wata amarya, da ruwan farkon wata damina, da hayaniyar wata kasuwa ba mutanenta. Ya koma garinsu ya tarar jikan jikansa ne mai unguwa.

Na tambaye shi ko yunwa ke sa su haka. Ya yi murmushi ya ce raɓa kawai suke sha.

"Ba ci suke yi ba, 'yar'uwa, ajiya suke yi. Ba sa iya ganin abu ya kai ƙarshen kyansa su bar shi a waje ya lalace. A wurinsu mu ne marasa imani, da muke barin 'ya'yanmu a iska suna tsufa."

Ya ce ƙanshin da ake cewa suna ji ba na nama ba ne. Mutum idan ya kai sa'ar da ta fi kowacce daɗi a rayuwarsa, akwai ƙanshin da yake yi, kamar na mangwaro idan ya nuna, kuma shi suke bi. Wanda bai nuna ba ba sa taɓa shi, babban abin kunya ne a wurinsu. Don haka idan ina so in zauna cikinsu in fita, kada in yarda raina ya yi fari tas. Ya ciro ƙayar aduwa ya ce in sa a takalmi.

Na ce shi fa, me ya dawo da shi nan. Ya juya ƙoƙon a hannunsa, ya ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo a mayar da shi ciki, kowanne ya shinshina shi ya kau da kai cikin ladabi.

Wadda ta karɓi baƙuncina tsohuwa ce a cikin dodannin, gashinta ya yi ruwan ciyawar kaka. Na kwana uku kusa da ita kafin ta buɗe ido. Biyu ne kamar na kowa, sai dai kowanne ya kai bakin rijiya, kuma babu mugunta a cikinsu. Kallon da ta yi mini irin wanda ungozoma ke yi wa jaririn da aka bari a sanyi ne, kuma ya fi mugunta tayar mini da hankali. Idan ta yi magana ana jin wasu sautuka a bayan muryarta, can ciki: carar zakara, lugude, guɗar biki. Su ba sa sa suna. Kaka na riƙa ce mata, ita kuma ta ce mini Ɗanya.

Abin da ta fara yi shi ne ta miƙo yatsa mai kaurin turmi ta taɓa furfurar goshina, ta tambaya wa ya bar ni a waje har haka. Na ce haka muke, kowa a waje yake. Ta tambayi mahaifiyata, na ce ta rasu. Ta tambaya a cikin wa take. Da na ce a cikin ƙasa, sai ta rufe ido, hawaye ya gangaro ya cika wani ɗan kwari a gefenmu, tsuntsaye suka sauko suna wanka.

Na yi wata biyu a wurinta, ƙaya na cizona a kowane taku. Na ga yadda suke gaisuwa: ba sa tambayar lafiya, kowanne zai buɗe baki kaɗan ɗan'uwansa ya saurari abin da ke ciki, sai su yaba wa juna. Gashin nan kuwa ba sa yanke shi ne don ba sa iya yar da komai. Akwai wani da ya yi kwana tara a gaban fure guda yana jiran sa'arsa, gyangyaɗi ya ɗauke shi, ya farka furen ya yanƙwane. Duk fadamar ta yi makoki.

Wata rana na ce bari in koya mata wasanmu. Na share ƙasa, na ce ita falke ce, ga rafi ya cika a gabanta, me za ta yi. Ta ce za ta haɗiye rafin. Na ce falke ba ya iyawa, sai dai ya gwada ƙetarewa, kuma 'ya'yan tsamiya ne za su faɗa mana ko ya tsira. Na watsa su sama. Kafin su sauko ta miƙo harshe ta lashe su a iska, duka huɗun.

Na ce, "Kaka, ai sai sun faɗo ake sanin abin da ya faru."

Ta ce, "A sama suka fi kyau, Ɗanya. A sama falken bai nutse ba."

Na ce amma kuma bai ƙetare ba. Ta yi ta juya maganar har inuwa ta koma gabas, ba ta ga inda matsalar take ba.

Ranar da na kusa shiga cikinta, ranar ruwan farko ce. Na cire takalmi don in wanke ƙafata da ta kumbura, na manta ban mayar ba. Hadari ya taso, ƙasa ta fara wannan ƙanshin nata, iska ta kwantar da gashin dodanni duka gefe guda kamar gonar shinkafa. Ciwon ƙafa ya lafa. Na san na samo abin da na fito nema, ban gaji ba, ba na jin yunwa, ba na kewar kowa. Na jingina da jikin Kaka na lumshe ido.

Sai na ji numfashinta ya canja. Da na buɗe ido inuwa ta riga ta rufe ni, bakinta na saukowa a hankali, a buɗe kamar ƙofar zaure. Babu haƙori. A ciki akwai haske irin na hantsi, da wani lungu mai jar ƙasa, da itacen lemo, da wata mata a tsugune tana wanke wa yarinya kai, su biyun suna dariya. Can gefe na hango 'ya'yan tsamiyata huɗu a tsaye cikin iska, suna juyawa. Ba zan ɓoye muku ba, ƙafafuna ba su nemi gudu ba. Da ƙyar na tuna da tabarma a ɗakin Iya Tabawa, a naɗe, jingine da bango.

Na ce, "Kaka, dakata. Sake shinshinawa."

Ta tsaya. Na ce mata ƙanshin ƙasa da ruwa ne ya haɗu da nawa ya ruɗe ta. Daɗin da nake ji yanzu daɗin mai kaya ne da ya hango gida, bai sauke ba tukuna. Sa'ata tana can gaba, ranar da zan zauna a bakin tabarmar iyayena in buɗe baki, mutum shida su yi shiru ba wanda ya san abin da zai fito. Idan ta ɗauke ni yau za ta riƙe ɗanya a cikinta har ta mutu, kuma duk wanda ta buɗe wa baki a gaisuwa zai ji.

Wannan na ƙarshe shi ya kama ta. Ta ja da baya, ta shinshina ni tun daga kai har ƙafa, ta daɗe. Ni kuwa ina ta tuno duk abin da ke ɓata mini rai a duniya, har da maƙwabciyata ta sama da ke zubo ruwan wanke-wanke a kan tsanina.

"Gaskiyarki," in ji ta. "Na kusa yin abin kunya." Ta gyara mini ɗankwali da ƙarshen yatsa. "Je ki, Ɗanya. Kada nisa ya dame ki. Ranar da kika nuna zan ji, ko ina kike. Ba zan bar ki a waje ba."

Alheri take nufi. Na durƙusa na yi mata godiya yadda ake yi wa babba, na ɗauki takalmina, na biya na yi wa Arzika sallama a tsaye. Kogin Rairayi ya ɗauke ni a komowa kamar gashin tsuntsu, don labarin Kaka na ba shi.

Na iso Birnin Kwaranga saura kwana goma sha biyu shekara ta cika. Ranar da aka sa, Iya Tabawa ta shimfiɗa tabarmar a dandalin da ke saman gari, ta zauna gefe da wuƙar warware saƙa a cinyarta. Mutane sun cika har kan soraye. Na nemi waɗanda suka kayar da ni su koma wurarensu. Kawu Jatau ya so ya ƙi, ya ce bakinsa ba shi da linzami. Na ce ya zauna, da shi nake so.

Shi ne maharbi a labarin, kamar kullum. Ban kai su kurmi ba. Na kai su wani ƙauye, ranar da maharbin ya dawo daga doguwar farauta ya tarar 'yarsa, wadda ya bari ana cewa ba za ta tashi ba, zaune a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa. Na bar su suka yi murna, suka yi ba'a, mai ƙosai ta ce ita dai a yanka mata kaza tukuicin jinya. Na jira har na ga kafaɗun Kawu sun sauka. Sannan na ce inuwa ta sauko a kan gidan, da wata murya mai taushi, ana jin lugude can a bayanta. Na yi muryar yadda na ji ta.

"Sannu, ɗana, ka sha wahala. Kawo yarinyar in ajiye maka ita yadda take yanzu. Kai ma ka shigo. Ba za ta sake ciwo ba, ba za ta girma ta bar ka ba."

Mai ƙosai ta buɗe baki ta rufe. Babu wanda ya yi tari.

"Gwamma, wannan dodo ne?"

"Shi ne, Kawu."

"To mashina fa? Me zan yi da shi?"

Na ce wannan sai shi. Gardama ta ɓarke a bakin tabarma. Wani ya ce a soke ta, mai ƙosai ta ce a soki tsohuwar da ta zo da sannu, kai ba ka da uwa ne. Wata ta ce a tambaye ta ko ana fitowa, da na ce sai ranar da mai muryar ta mutu, sai ta kalli nata hannuwan. Kawu ya ce in roƙa masa zuwa gobe ya yi tunani, na ce muryar ta amsa cewa gobe yarinyar ba ta yau ba ce. Daga ƙarshe ya ce zai sungumi 'yarsa ya gudu. Na miƙa masa sababbin 'ya'yan tsamiya. Ya riƙe su a shuɗin tafinsa ya kasa watsawa, har sai da Iya Tabawa, wadda doka ta hana ta sa baki, ta ce, "Jatau, watsa mana, don Allah."

Fari uku suka kalli sama. Maharbi ya tsira da 'yarsa, kuma ban taɓa ganin mutum ya ci wasa ya yi zugum kamar yadda Kawu ya yi ba. Rana ta taɓa dutse ba a riga ni ko sau ɗaya ba. Iya Tabawa ta mayar da wuƙa kube, ta naɗe tabarmar da kanta, ta ɗora mini a hannu.

Wani abu ya taso mini daga ƙirji, mai ɗumi, yana cika ni har wuya. Na ji nauyin kabar mata bakwai a hannuna, na ga fuskokin mutane cikin jan hasken yamma. A daidai nan, daga gabas, inda babu gida babu kaji sai sarari, na ji carar zakara, siririya, da guɗa a bayanta.

Na tuna da alkawarin Kaka, nan take na dubi tabarmar na ce wa ya jingine ta a wuri mai laima, ga gefenta duk ya lanƙwashe. Na faɗa da ƙarfi, a gaban jama'a, ga tsohuwar da ta riƙe mini ita shekara guda. Ran Iya Tabawa ya ɓaci, nawa ma ya ɓaci don na ɓata nata. Carar ta yi nisa, ta ɓace.

Shekara goma sha huɗu ke nan. Mutanen Kwaranga na cewa tafiya ta mayar da ni mai mita, ba a yi mini gwaninta. Ranar auren 'yata na ce miya ta yi gishiri. Ranar da na saƙa nawa layin a tabarma na ce launin bai kama ba, alhali Kawu Jatau ne ya rina mini kabar da hannunsa. Na bar su su faɗa. Sai dai idan wasa ya yi daɗi, shiru ya sauka a kan mutum shida, nakan ɗan jinkirta kafin in nemo abin da zan yi ƙorafi a kai, numfashi ɗaya ko biyu, ina saurare ta gabas. Kuma kowace shekara jinkirin na ƙara tsawo.